Tsakanin C43, M340i da IS 350, wacce za ku ba ni shawara in saya?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma zan fi son jin ta bakin waɗanda suka taɓa riƙe sitiyarin motocin nan da hannunsu. Shekara bakwai ke nan ina hawa Mercedes C350 ƙirar 2013. Ba ta taɓa kunyata ni a hanya ba, sai dai ta fara nuna tsufa, ni ma raina ya fara kwaɗayin canji. Iyalina suna Kaduna, aikina yana Abuja, duk Litinin da sassafe nake kama hanya, Juma'a bayan an sauko daga masallaci in juyo. Ba na son jif, ba na son doguwar mota irin ta manya. Ƙarama nake so, mai kyan ciki, wadda in na taka ta za ta amsa.

Uku na ware: Mercedes C43 ta 2019, BMW M340i ta 2020, da Lexus IS 350 F Sport. Wacce ta fi cancantar kuɗinta, wacce ta fi kaya a ciki, wacce kuma ta fi daɗin tuƙi? Allah ya saka da alheri.

Sadiq B58:
Wa alaikumus salam Yaya. Ai wannan ba ya buƙatar dogon tunani, M340i za ka ɗauka. Injinta silinda shida ne a jere, lita 3, turbo ɗaya, wato na'urar da ke cusa wa inji iska don ƙara ƙarfi, ƙarfin doki 382 a lissafin Amurka. Shi ne injin da ake kira B58, kuma shi Toyota suka sa wa Supra da suka dawo da ita a 2019. Toyota fa, waɗanda kowa ya san su da tsantseni a kan inji. Giyarta ta kamfanin ZF ce mai hawa takwas, ba ka jin shigarta sai in kai ka so. Mai jan ƙafa huɗu tana kai gudun kilomita 100 cikin sakan 4.4. C43 dokinta 385 amma sakan 4.7 take yi. Lexus kuwa doki 311 ne, tana neman sakan 6.

Alhajin Kwari:
Sadiq ɗana, lissafinka daidai ne, ban ja ba. To amma tsakanin Kaduna da Abuja ina wurin da mutum zai tsaya cak sannan ya figa don ya ci ribar wannan ɗan bambanci?

Baban Khalifa, na fi shekara talatin ina sayen mota in hau in sayar. Duk sanda zan biya kuɗi, ranar rabuwa da ita nake fara tunawa. IS 350 ce a ƙofar gidana yanzu, shekara huɗu ke nan, ban da juyen baƙin mai da birki da taya ba abin da ta taɓa nema a wurina. Injinta lita 3.5 ne ba turbo, ɗan gida ɗaya da na Camry da Highlander masu silinda shida, saboda haka bakaniken da ya saba da Toyota ba zai tsaya yana kallonta kamar baƙuwa ba. In ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano neman kayanta ba za ka wuni kana zagaye ba. Ranar da ka ce za ka sayar kuwa, kafin la'asar dillalai sun dame ka da waya. Mercedes ma tana da kasuwa a Arewa, wannan gaskiya ne, amma C300 ce ke tafiya da sauri. Mai kuɗin C43 ba kullum ake samunsa ba.

Sadiq B58:
Allah ya ƙara girma Baba. Amma fa ya ce mota yake so wadda za ta amsa. C350 ɗin da yake hawa dokinta 302. In ya koma IS 350 doki tara kacal ya ƙara. Ya zuba miliyoyi ya dawo inda yake ke nan.

Maman Hanif:
Wannan maganar ta Sadiq abar dubawa ce. Ni C43 ta 2019 nake hawa a Abuja, bari in faɗi abin da na sani, daɗinsa da wuyarsa.

Daɗin dai ƙara ce. Da safe in na tayar da ita sai maigadi ya leƙo. Tawa tana da salansar nan ta musamman mai maɓalli a gefen giya, in na danna, murya ta buɗe, in na ɗaga ƙafa daga totur sai ta riƙa tartsatsi ta baya. Turbo biyu ne a kan silinda shida, kuma kashi 69 cikin ɗari na ƙarfin ƙafafun baya yake zuwa, shi ya sa in ka fito daga kwana kana jin ana tura ka ta baya, ba jan ka ake yi ta gaba ba. Da damina ban taɓa jin ta zame mini ba. Cikinta kuwa duk wanda ya shiga sai ya shafa gaban motar.

Wuyar kuma tauri. Ko a yanayin da aka ce na laushi ne, duk wani gyambon kwalta sai ya iso bayanka. A cunkoson Nyanya, tsakanin giya ta ɗaya da ta biyu takan ɗan yi fizga, sai ka koyi lallaɓa totur. Sannan taya. Tawa da wili mai inci 19 ta zo. Wata ranar Lahadi muna dawowa daga biki da yamma, ruwan sama ya rufe wani rami, na faɗa da gefen dama. Taya biyu suka tafi lokaci guda, ta gaba ta kumbura kamar ƙwai a gefe, ta baya ta tsage. Na buɗe but, babu safaya, haka ake ƙera su. Mai facin da ke wurin ya juya tayar ya juya, ya ce Hajiya wannan ba aikina ba ne. Sai da aka ɗauko motar a bayan wata. Kuma ta gaba da ta baya ba girmansu ɗaya ba, saboda haka neman kowacce daban aka yi.

Yaya, kai da kake bin babbar hanya sau biyu a mako, ko wacce ka saya, ka nemi mai wili 18.

Injiniya Apo:
Hajiya ta gama magana a kan taya, bari in ƙara lissafin don a gane. Lambar da ke jikin taya, misali 225/40, ta biyun tana nuna tsayin gefen taya ne a kan faɗinta. Kashi 40 na milimita 225 shi ne milimita 90. Ta wili 18 kuwa 225/45 ce, milimita 101. Santimita ɗaya ne bambancin, amma wannan santimitar ita ke shiga tsakanin bakin rami da wilinka.

Yanzu ga abin da nake gani a gareji. Motocin Jamus ɗin nan injinansu lafiyayyu ne, mu ne muke kashe su. Makon jiya aka jawo mini wata, mai ita ya kai ta wurin wani bakanike saboda zafi, mutumin ya cire tamostat ya jefar, ya haɗa fanka kai tsaye, ya cika lagireto da ruwan leda. Dabarar da ake yi wa tsofaffin motoci ke nan. Ita kuwa wannan kwamfuta ce ke lura da zafin injin, ta ga lissafi bai daidaita ba, ta kunna fitila ta rage ƙarfi. Da muka buɗe, ruwan ya fara cin hanyoyinsa.

In BMW ka saya, ka sani ba ta da sandar duba baƙin mai, a allo ake gani. In aka canza batir sai an sa mata kwamfuta an sanar da ita, in ba haka ba za ta riƙa cajin sabon kamar tsoho. Robobin da ruwan sanyaya inji ke bi suna gajiya da zafinmu, a riƙa duba su. In Mercedes ce, baƙin man da ke ɗauke da lambar amincewa 229.5 za ka nema, ba wanda yaron shago ya miƙo maka ba. Kuma nisan da littafin mota ya ce a yi kafin juye, an rubuta shi ne don ƙasashen da ba su san ƙurar hunturu irin tamu ba. Ni rabinsa nake ce wa mutanena.

Sai fetur, wanda shi ne babba. Duk ukun, har da Lexus ɗin Alhaji, man da aka ƙera su don su sha shi ne wanda Amurka ke rubuta wa lambar inganci 91, daidai da kusan 95 a lissafin Turai. Mu kuwa famfo ɗaya ne a gidan mai, abin da ya fito shi za ka sha. Injin yana da na'urar da ke sauraren bugun da bai dace ba, da ta ji sai kwamfuta ta ja wuta baya don ta kare fistin. Saboda haka Sadiq, dokin nan 382 da tsakar rana a watan Afrilu, da manmu, ba duka ne ke fitowa aiki ba. Mai turbo ya fi jin wannan.

Abu ɗaya da Lexus ta yi wa sauran zarra: tana fesa mai ta hanya biyu, cikin silinda kai tsaye da kuma ta bayan bawul. Na bayan yana wanke bawul. Na Jamus na waɗannan shekarun kai tsaye kawai suke fesawa, a hankali baƙin dauɗa yana taruwa sai an buɗe an kankare. IS 250 ma tana da wannan matsalar, kada wani ya ga Lexus ya ɗauka duk ɗaya ne.

Baban Khalifa:
Oga Injiniya Allah ya biya. Tambaya ɗaya: in kai ne, da kuɗinka, wacce?

Injiniya Apo:
Ni da nake da gareji da kwamfuta a hannu, BMW. Ƙanena da ke aiki a Gashuwa da ya tambaye ni, Lexus na ce masa. Kai kana Abuja kwana biyar a mako, masu gyaran duka ukun suna kusa da kai.

Ɗan Zango:
Salamu alaikum jama'a, gaisuwa daga Hambog. Na ga har yanzu ba wanda ya ambaci Audi S4, ita kuwa a nan Jamus da waɗannan biyun ake jera ta. Na hau ta shekara uku. Ta Amurka ƙirar 2018 silinda shida ce, turbo ɗaya, doki 354, giya takwas, ƙafa huɗu duk suna ja. Ba ta da hayaniyar C43, ba ta da wasan BMW. Abin da take da shi natsuwa ce. A kan babbar hanyar nan tasu inda babu iyakar gudu, ana yayyafi, ina tafiya da gudun da ba zan faɗa ba don kada yara su kwaikwaya, hannu ɗaya ya ishe ni riƙe ta. Duk ukun na Jamus an ɗaure su a kilomita 250, amma yadda kowacce ke zama a ƙasa a wannan gudun daban ne, kuma Audi ta fi kwantar mini da hankali.

Aibinta a kwana yake. Injin yana zaune ne can gaba, ya ɗan wuce layin ƙafafun gaba, saboda haka in ka shiga kwana da ƙarfi sai ka ji hancin yana son miƙewa. BMW sun tura nasu baya, nauyin gaba da na baya kusan ɗaya, shi ya sa take juyawa kamar daga ƙugunka. Akwai wata na'ura da Audi ke sayarwa daban wadda ke tura ƙarfi ga tayar baya ta waje a kwana, tana gyara wannan sosai, amma ba kowace S4 ke da ita ba. M340i kuwa da irin tata take fitowa daga masana'anta.

Wanda zai nema daga Turai ya lura, daga 2019 S4 ta nan ta koma dizal.

Alhajin Kwari:
Malam Ɗan Zango, motar kirki ce, ban musa ba. Amma a Kano ka sa Audi a kasuwa ka gani. Sai ta yi wata shida ana taya ta rabin kuɗi.

Abba Na Ƙofa:
Ni dai abin da ke damuna, an sa wa C43 sunan AMG, wato sashen Mercedes mai ƙera motocin gudu, amma ai ba AMG ta gaske ba ce. AMG ta gaske ita ce C63 mai silinda takwas. Wannan suna kawai aka manna mata.

Maman Hanif:
Ƙanena akwai gaskiya a maganarka, amma ba duka ba. Injinan da ake haɗawa da hannu a garin Affalterbach, mutum ɗaya inji ɗaya har ya sa hannu a kan faranti, C63 ke da su, mai lita 4, doki 469, mai harafin S kuma 503. Tawa ba ta da wannan farantin. Hasali ma da farko C450 ake kiranta, daga baya aka sauya mata suna. Amma ƙafafunta da birkinta da saitin giyarta ba irin na C300 ba ne, wanda ya tuƙa biyun ya sani. Kuma ka duba sabuwar C43 da ta biyo bayan tawa: injinta haɗin hannu ne, da farantinsa, doki ya haura 400, amma silinda huɗu ne. Na ji ƙararta, wallahi ban ji sha'awar canzawa ba. C63 mai silinda takwas ɗin kuma ƙafar baya kaɗai ke ja, ga shan mai. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 kowa ya san abin da cika tanki yake nufi.

Abu Sultan:
Assalamu alaikum. Ina Hustan ta jihar Tekzas, kuma turo motoci gida na cikin abin da nake yi, saboda haka bari in taɓa maganar kaya, don a nan aka fi cutar mutanenmu.

Jamusawa ba sa sayar da mota a dunƙule. Farashin da suke tallatawa na gangar jiki ne da inji, sauran kowanne da kuɗinsa. M340i ta 2020 a nan ta fara ne daga dala 54,000, mai jan ƙafa huɗu 56,000, amma wanda ya zaɓi kaya sosai sai ya tsinci kansa sama da 60,000. Shi ya sa za ka ga mota biyu, shekara ɗaya, launi ɗaya, amma ɗaya ta fi ɗaya nesa ba kusa ba. Dila a gida kuwa duk wadda ke da rufin gilashi da kujerar fata sai ya ce maka ful ofshin ce, wato wai duk kayan an sa mata.

Ga abin da zan duba in ni ne. A BMW, shokar da ke sauya tauri da laushi, wadda ba kowacce ke da ita ba. A hanyoyinmu ta fi mini komai, har da sautin Harman Kardon. A C43, salansar da Hajiya ta ambata daban ake sayenta, haka allon lambobi na gaban direba, haka kyamarar da ke nuna kewayen mota. Lexus ta fi sauƙin sha'ani, kayanta a dunƙule suke zuwa, kuma sabuwarta ta fi BMW araha da kusan dala 10,000. Sai dai na'urar allonta kafin gyaran 2021 da wani ɗan linzami ake sarrafa ta, mai wuyar saiti in mota na tafiya.

Sannan a tuna don wa aka yi kayan. Motar da ta fito daga Kanada ko arewacin Amurka za ka same ta da kujera mai ɗumi da sitiyari mai ɗumi, mai ita ya biya kuɗi a kansu, kai kuwa ba ranar da za ka taɓa maɓallin. Abin da kake buƙata kujera mai hura iska ce, wadda in ka fito daga ofis da azahar ba za ta jiƙa maka bayan riga ba. A Lexus ana yawan samunta. A C43 sai an dace. A BMW ƙaramar nan kuwa da wuya ka gani.

Kan BMW ma, a 2019 sun ce sai an riƙa biyan dala 80 duk shekara kafin a haɗa iPhone da allon mota, mutane suka yi ca, kafin shekarar ta ƙare suka janye. Saboda haka in an kawo maka ta 2020 ka haɗa wayarka a gaban dila ka tabbatar tana aiki.

Babban abin dai shi ne lambar shasi. Haruffa da lambobi 17 ne, suna ƙasan gilashin gaba ta gefen direba. Da ita za a fito maka da jerin duk abin da aka sa wa motar a masana'anta, da tarihinta a nan. Da yawan masu arahar da ke shigowa gida daga gwanjon kamfanonin inshora suke. Wadda aka buga ta baya aka canza bamba ba ta da laifi in an faɗa maka gaskiya an rage kuɗi. Wadda nake tsoro ita ce ta ambaliya. Na ga abin da guguwar Harvey ta yi wa garin nan a 2017, filaye cike da motoci masu ƙyalli waɗanda ruwa ya kai musu har kujera. Irin waɗannan sukan tashi lafiya lau, sai bayan wata shida wayoyi su fara ruɓewa, yau gilashi ya ƙi sauka, gobe giya ta ƙi shiga. A ɗaga kafet a shinshina, a leƙa ƙarfen ƙarƙashin kujera a ga ko ya yi tsatsa.

In kana son kaya da yawa a kuɗi kaɗan, akwai Genesis G70 mai lita 3.3, doki 365. Wanda ya jagoranci saitin tuƙinta, Albert Biermann, daga sashen M na BMW, mai ƙera motocin gudu, Hyundai masu Genesis suka ɗauko shi a 2015. Matsalar kayan gyara ce kawai a gida.

Injiniya Apo:
Ƙari kan maganar Abu Sultan. An sha kawo mini C300 da aka canza wa bamba da ragar gaba, aka manna mata C43 a baya, aka sa bakin salansa huɗu na ado. Ana buɗe bonet sai ga silinda huɗu. Haka 330i mai kayan ado na M, dokinta 255, a nesa ba ka bambanta ta da M340i. Lexus ma F Sport ba sunan inji ba ne. IS 300 mai jan baya silinda huɗu ce da turbo, IS 300 mai jan huɗu kuma silinda shida ce da aka rage wa ƙarfi. A karanta lambar, a buɗe bonet.

Ɗan Maraɗi:
Barkanku da hira. Mu nan Nijar da yawan motocinmu daga Turai suke, da ta Kwatano, tun rufe iyakar Benin a 2023 kuma sai ta Lome, hanya ta yi tsawo kuɗi ya ƙaru. Abin da zan ce, ta Turai da ta Amurka ba ɗaya ba ce ko suna ya zo ɗaya. M340i ta Turai mai jan huɗu ce kaɗai, dokinta 374 a lissafinsu. Kuma tun wajen 2018 suna sa wa masu fetur matatar hayaƙi a salansa, tana rage murya. Wanda ƙara ta ja shi ga C43, ta Amurka zai nema. Ni Lexus nake hawa, dalilina kuwa kayanta daga Kano nake aikowa a kawo mini ta Jibiya cikin kwana biyu.

Baban Khalifa:
'Yan uwa na dawo, kwana goma ina yawon gwaji. Na gode wa Alhaji da ya ba ni makullin motarsa da na shiga Kano ɗaurin aure, da Hajiya da maigidanta da suka bar ni na zagaya da tasu.

IS 350 na fara hawa, daga Kano zuwa Kwanar Ɗangora na juyo. Kujerarta ta fi ta kowa, ta rungume ni, ga iska tana ratsa bayana. Sitiyarin yana da nauyi mai daɗi. Amma da na zo wuce wata tirela na taka, sai da giya ta sauko, allurar juyin inji ta haura sama, sannan ƙarfin ya zo. Daidai yadda C350 ɗina take yi. Alhaji ka yi haƙuri, mota ce ta hankali, amma na ji kamar ban bar gida ba.

C43 kuwa minti biyar na farko na ce na samu. Na danna maɓallin nan a ƙarƙashin wata gada, ƙarar ta dawo mini, har na rage gudu na sake takawa don in ƙara ji. Bayan minti arba'in a kan hanyar Kubwa zuwa Zuba, inda kwalta ta yi faci-faci, sai na fara gyara zama. Na tuna awa biyu da wani abu zan riƙa yi a haka, sau biyu a mako, ga Khalifa da ƙannensa a baya in mun tashi zuwa Zariya gaida Hajiyarmu.

M340i a wurin wani dila na gwada, ya haɗa ni da yaronsa. Abin da ya kama ni shi ne ban yi shirin wuce mota ba, na ɗan ƙara nauyin ƙafa kawai, allura ba ta kai dubu biyu da rabi ba, sai ga tirelar a madubi. Ba ihu, ba fizga. A shataletale na juya ta, hancin ya bi inda idona ya kalla. Abin da ban so ba, sitiyarin ya yi kauri a hannu, kuma ba ya gaya mini abin da taya ke taka kamar yadda tsohuwata take yi. Cikinta ma bai kai na Mercedes kyau ba, kujera kuma ba iska. Duk da haka ita raina ya kwanta da ita.

Biyu na gani. Fara mai wili 19, ta fi araha, amma da na nemi ɗaukar hoton lambar shasi sai dilan ya ce sai na ajiye wani abu tukuna. Na bar masa abarsa. Ɗayar ruwan toka ce, mai jan huɗu, wili 18. Na tura wa Abu Sultan lambar, ya ce an buga ta ta baya a 2022, iyabag, wato jakar iskar kariya, bai fashe ba, kuma tana da shokar nan mai sauyawa.

Sadiq B58:
Alhamdu lillahi! Yaya in ta zo hannu akwai saitin kwamfuta da ake yi mata ta haura doki 400 cikin sauƙi.

Injiniya Apo:
Sadiq, da man da muke sha, a'a. Wannan saitin mai mai kyau yake nema, in babu shi fistin ne zai biya. A bar ta yadda ta fito.

Alhajin Kwari:
Ba komai Baban Khalifa, kai za ka hau, kuma ka gwada da kanka, Allah ya sa alheri ya tsare hanya. Roƙona ɗaya, kada ka juye duk abin da ke hannunka a kan sayen. Ka ware kuɗin taya huɗu da sabis babba ka ajiye gefe tun ranar farko. Ka sayi safaya ƙarama da jak ka jefa a but saboda hanyar nan. Kuma ka ga takardar kwastan da idonka, a duba ta a tabbatar lambar da ke jiki ita ce ta motar.

Baban Khalifa:
Amin Alhaji, na gode, zan yi yadda ka ce. Oga Injiniya, Asabar ta yi maka?

Injiniya Apo:
Ta yi. Ka ce wa dilan kada kowa ya tayar da ita kafin mu iso, a sanyi nake son jin injin. Ƙarfe bakwai da rabi mu haɗu, zan zo da kwamfuta da na'urar auna kaurin fenti. Ka tanadi man da zai kai mu Gwagwalada mu dawo, sannan mu ɗaga ta a gareji in ga inda aka yi gyaran bayan.